Kwanon Tagullar Mama

Jiya a wani shagon gwanjo a unguwar Levenshulme na ƙwanƙwasa wani ɗan kwanon tagulla. Ƙararsa ta mayar da ni Birmingham, ofishin marigayiyar da ta koya mini aikin manaja a gidan kula da tsofaffi. Mama nake kiran ta. 'Yar ɗariƙar Quaker ce, masu ibada da zama shiru. Irin wannan kwanon gare ta, kyautar wata ƙawarta mabiyar addinin Buddha.

Wata rana na faɗo mata a fusace. "Mama, yau sai na kori mai sharar nan. Sau uku ke nan tana makara!"

Sai ta bugi kwanon, ta nuna mini kujera. Dokarta ce, ba mai magana sai ƙarar ta mutu. Na zauna ina huci, shayinta yana turiri, ruwan sama yana dukan taga.

Can ta ce, "'Yata, kin tambaye ta dalili?"

Ban tambaya ba. Ashe mijin matar ne kwance a asibiti.

Na sayi kwanon da na gani jiya a shagon. Gobe akwai ma'aikacin da zan yanke wa hukunci. Allah Ya ara mini shirunki, Mama, kafin in buɗe baki.