Goran Fito Ya Ƙetare da Magani

Jama'a, yau tsohon goran fiton nan nawa ya fitar da ni kunya!

Ruwan jiya ya cika gulbi, motar magani daga Gidan Rumji ta tsaya ƙetare. Asibitinmu maganin zazzaɓi ya ƙare, ga yara kwance. Sai ga majo, shugaban asibitin, a ƙofar gidana: "Malam Idi, goran nan yana nan?"

Na ce, "Yana bisa rumbu!"

Na ƙetare wajen motar, na naɗe kwalayen magani a leda, na ɗaure bisa kai, na rungume gora na faɗa ruwa. Sawu huɗu! Direba na ihu, "Baba, zai jiƙe!" Ko ɗigo bai taɓa ba.

Majo ya ce duk damina da ni za a tsara kawo magani. Sani, kai da ka ce in mai da goran akurkin kaji, ɗiyarka aka fara ba maganin!