Tagar da Na Gyara wa Masu Ido Kaɗai

Assalamu alaikum. Shekaruna ashirin da biyu lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru. Ina aji uku a sashen adabin Larabci a nan Alƙahira, inda tallafin karatu ya kawo ni daga Zariya. Yarinya ce ni mai shiru, mai yawan tafiya cikin tunani. In na shiga jirgin metiro daga Ainu Shams, unguwar da muke haya mu shida a shaƙƙa ɗaya, wato sashen gidan bene, sai in kama ƙarfe a taragon mata in yi ta harhaɗa baitoci a kaina har in wuce tashar da zan sauka. Abu biyu nake so a lokacin, waƙa da kwamfuta, kuma ban taɓa jin sun yi hannun riga ba. Duka biyun aikin zama ne da haƙuri, ana sauya kalma ɗaya sai komai ya zauna daidai. Ban yi zaton ɗaya daga cikinsu zai sa in cuci mutum ba.

Yawancinmu tsofaffin kwamfutoci ne da mu, na hannu, waɗanda ba sa iya ɗaukar babbar manhajar da kowa ya saba da ita, sai su yi ta nishi suna zafi. Don haka muke ɗora musu wata ta kyauta mara nauyi. Sai dai ɗakin karatun da kowane ɗalibin addini ya dogara da shi, wato manhajar nan mai ɗauke da dubban littattafan hadisi da tafsiri da fiƙihu, don waccan babbar aka gina shi. Akwai wata manhaja da ke shiga tsakani kamar tafinta, tana fassara wa wannan abin da waccan ke nufi. Masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, kowa na iya aika gyara, a duba, in ya yi a karɓa. Tafinta kuwa yakan yi tuntuɓe. Wani lokaci haruffan Larabci su fito a warwatse, kowane yana zaman kansa. Wani lokaci ka sauya madannai daga Larabci zuwa boko su ƙi komawa. Ni ce nake zama da waɗannan matsaloli bayan la'asar, har 'yan ɗakinmu suka laƙaba mini bashmuhandisa, yadda Misirawa ke kiran injiniya. In na shigo sai su ce a ba bashmuhandisa hanya, kada a taka mata waya. Faci biyu, wato gyara biyu, na aika wa masu manhajar, duka aka karɓa, aka sa sunana cikin jerin masu taimako. Nakan buɗe shafin in kalli sunan, in rufe, in sake buɗewa. Daga nan ciwon ya fara, ban sani ba.

Matsala ta uku ita ce ƙaramar tagar da ake rubuta ta'aliƙi a cikinta. In kana karanta littafi ka so ka ajiye bayani, kana danna maɓalli tagar ta buɗe, amma sai ta buɗe a bayan babbar taga, ta ɓuya, sai ka yi ta lalube kafin ka jawo ta gaba. Kowa na ƙorafi. Na yi mako uku a kanta, ga jarrabawa a gabana, idanuna har yaji suke yi. Ranar da tagar ta fito gaba, tsaf, ba rawa ba ƙyaftawa, na ji kamar na kammala ƙasida. Na aika. Bayan kwana biyu wani daga cikin masu dubawa, mutumin da ban san fuskarsa ko ƙasarsa ba, ya amsa da layi biyu. Ya ce aikin ya yi kyau, amma in tagar ta fito gaba, ina haruffan da ake bugawa suke zuwa? Ya ce in ajiye linzamin kwamfutar gefe in gwada da madannai kaɗai, in dawo masa da abin da na gani. A cikin metiro na karanta, na fito daga jarrabawar ilimin balaga a gajiye, an matse ni ta ko'ina. Sai na ji kamar raini ne. Na ce a raina ai tana aiki, da idona na gani, sau nawa na rubuta a cikinta. Abin da ban lura ba shi ne, duk sanda tagar ta buɗe, hannuna da kansa yake kai linzami ya danna cikinta kafin in fara rubutu, kamar yadda mutum ke gyara mayafi bai sani ba. Ban amsa masa ba. Na zuba gyaran a filashi na sa wa 'yan ɗakinmu, suka yi ta shi mini albarka.

Sai na tafi unguwar Darrasa wajen wadda zan kira Yaya. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun tsaya can a hanyar hajji ba su koma ba. Ta girme ni da fiye da shekara goma, tana digiri na biyu a ilimin hadisi, kuma tun tana 'yar shekara bakwai ta rasa ganinta. Suna zaune da gwaggonta a wani ɗan gida bayan shagunan littattafai, hawa na huɗu, matakala a karkace. Duk Juma'a can nake cin abincin rana. Ita ta koya mini yadda ake ciniki da Misirawa, ita ta raka ni ofishin iƙama, wato takardar izinin zama, karon farko tana riƙe da hannuna, tana ce wa mutane wai makauniya ce ke yi wa mai ido jagora. 'Yar Zazzau take kirana. Tana aiki da wata manhaja mai murya, wadda ke karanta mata abin da ke kan allo, kuma tana maimaita mata kowane harafi da ta buga. Haka take aikinta: ta saurari hadisi, ta buɗe ƙaramar taga, ta rubuta inda ya zo a littattafai da abin da malamai suka ce kan masu ruwayarsa, ta danna ajiyewa, ta wuce na gaba. Ba ta komawa ta saurari abin da ta rubuta sai ta kai ƙarshen babi, don muryar tana da jan rai.

Da na ce na zo mata da gyara, dariya ta yi. Ta ce ita tagar da ke ɓuya ba ta taɓa damunta ba, ai duk tagogin duniya a ɓoye suke gare ta, in bar mata tsohuwar manhajarta yadda take. Na nace. Na ce wannan ya fi, kowa ya sa, har ma ya fi sauri, alhali ban auna saurin komai ba. So nake kawai ta yaba mini. Ta ce to yalla, 'yar Zazzau ba a kayar da ke a magana, ta tura mini kwamfutar. Na sa, na gwada a gabanta da linzamina da na zo da shi a jaka, na cire abina, muka ci dafaffen waken da suke kira ful da gurasa, na tafi ina jin daɗi.

Kwana goma sha takwas bayan nan ta kira ni da hantsi. Muryarta a kwance, ta ce in zo in duba mata wani abu, muryar kwamfutarta na ta faɗa mata wai babu komai. Saura kwana huɗu ta miƙa babi na uku, wanda majalisar sashensu za ta zauna a kai kafin malamin da ke duba aikinta ya tafi koyarwa wata ƙasa. In babin bai shiga wannan zama ba, sai dai a ba ta sabon malami a shekara mai zuwa. Na hau metiro, na hau ƙaramar bas, duk a zatona wani ɗan maɓalli ta taɓa. Na zauna na buɗe wurin da ta'aliƙai ke taruwa. Na babi na ɗaya suna nan, na biyu suna nan. Na uku fili fetal. Na duba jakata, sai na ga ban zo da linzami ba. Dole na yi yadda take yi. Na danna maɓalli, taga ta fito gaba da kyanta. Na buga harafi, muryar ta maimaita shi, amma cikin tagar babu abin da ya bayyana. Na buga kalma guda, muryar ta karanto ta harafi bayan harafi, tagar tana nan fara. Haruffan suna tafiya wajen babbar tagar da ke baya, wadda ba ta da inda za ta zuba su. Kafin gyarana tagar tana ɓuya amma tana karɓar rubutu. Bayan gyarana tana fitowa amma kurma ce, sai an danna cikinta da linzami. Kwana goma sha takwas Yaya tana zaune tun daga sallar asuba har azahar tana rubutu a iska, murya na tabbatar mata da kowane harafi.

Ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Da ta tambaye ni me na gani, sai na ce mata kwamfutar ce ta tsufa, wataƙila ma'ajiyarta ta fara lalacewa. Gwaggo ta shigo da shayi ta ajiye ta fita. Can Yaya ta ce tamam, ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tambaye ni ko ina da lokacin da zan ba ta. Na mayar da tsohuwar manhajar a ɓoye, muka fara daga farko. Kwana huɗu ina zuwa da sassafe in tafi bayan la'asar, ina nemo littafi ina karantawa, tana faɗa ina bugawa. Abin da ke kanta ya ba ni tsoro. Takan kawo sunan mai ruwaya da na malaminsa da garin da ya rasu ba tare da ta tsaya ba. Amma lambar juzu'i da shafi ba a haddace su, sai an koma an nemo ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ta dushe, bayana ya ƙage, yatsuna suka yi tsami. Ranar ƙarshe ko rabi ba mu kai ba. Ta ce halas, shi ke nan, in rufe.

A nan ne na faɗa mata gaskiya, ina kallon tabarma. Na ce ba tsufan kwamfuta ba ne, ni ce. Ta ce ta sani, tun ranar farko ta ƙirga kwanakin ta ga sun faro daga Juma'ar da na zo da filashi, tana jira ne ta ji ko zan faɗa da bakina. Sai na ƙara da abin da ba ta sani ba, cewa an gargaɗe ni tun kafin in zo. Ta ce in karanto mata saƙon. Na buɗe waya na fassara mata layukan nan biyu. Ta sa na maimaita. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa ta yi, wato wani bawan Allah a can wata uwa duniya, wanda bai taɓa jin sunanta ba, ya tuna da akwai irinta, ni kuwa da nake cin abinci kwano ɗaya da ita duk Juma'a ban tuna ba. Daga nan ta ce in tashi kada magariba ta same ni a hanya, in kuma je in amsa wa mutumin nan, don ba ita kaɗai ce makauniya a duniya ba.

Gyaran na gaskiya layi uku ne. Wuni ɗaya bai ɗauke ni ba. Na cire linzami, na lulluɓe allon da ɗankwali, na gwada da kunne kaɗai, na aika tare da bayanin abin da ya faru. Aka karɓa. Ban buɗe shafin sunaye na duba ba. Yaya kuwa an ba ta sabon malami, ya ce sai ta sake tsarin binciken, shekara guda ta tafi a haka, da sabunta iƙama da jerin gwano da duk wahalar da ke ciki. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, kuma na yarda. Har yanzu ina zuwa gaishe su, Gwaggo na zuba mini abinci. Amma in kwamfutarta ta sami matsala, wani shago take aikawa da ita, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Na gaji da juya wannan abu ni kaɗai, shi ya sa na rubuto. Ba rashin iyawa ne ya kai ni ba, da shi ne da sauƙi. Na ɗauka yadda nake amfani da abu haka kowa ke yi, na kuma ji zafin tambayar da aka yi mini don ta zo daidai lokacin da nake jiran yabo. Ina kira ga 'yan'uwana masu taɓa irin wannan aiki, da duk wanda Allah ya ba wani sani da na kusa da shi ba su da shi. In wanda ya riga ku a aiki ya ce ku sake gwadawa, ku gwada, ko da ranku bai so ba. In mutum ya ce ku bar masa kayansa yadda suke, ku zauna ku ga yadda yake aiki da su kafin ku sa hannu. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar, kada ku ɗora wa na'ura laifi. Wanda ya miƙo muku kwamfutarsa bai san abin da za ku yi a cikinta ba, ku ya sani, kuma saboda ku ya miƙo.