Ranar da Na Tsaya a Tsakiyar Da'ira

Karatun bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a kan katangar makaranta na yi shi. Don haka da aka ce masu bita sun zo daga Kano za su sasanta manoma da makiyaya da zane, sai na ce bari in je in ga yadda ake kashe rigima da alli.

Rigimar kuwa a kan burtali ce, hanyar shanun da ta ratsa gonakinmu ta nufi Toranke. Kullum ramewa take yi. Ni ma, tsakanina da ku, gyaɗata ta ɗan miƙe ƙafa a cikinta, kuma wannan gefen ya fi ko'ina albarka, don kashin shanu ya gama gyara shi. Abin da na je tsarewa ke nan.

Malamin bitar matashi ne, da tabarau da takalmi mai tsini, wanda da gani bai taɓa taka ƙaya ba. Ya cika allo da akwatuna da kibau, wannan na harbin wancan, har kaina ya fara juyawa. Da ya ga mun soma hamma, sai ya sa aka kawo toka, ya zana manyan da'ira biyu a ƙofar gidan dagaci, gefen ɗaya ya shiga cikin ɗaya.

"Iyayena," ya ce, "manoma su shiga nan, makiyaya can. Wanda yake noma kuma yake kiwo ya tsaya a tsakiya."

Dattawa da furfurarmu ana jera mu kamar 'yan gaɗa! Amma na yi lissafina. Duk bitar da na sani da rabo take ƙarewa: manoma taki, makiyaya dusa. Na tsakiya fa? Ina da saniya guda, abin da ya rage mini na Fulatanci, wadda ta manta yadda ake yin nono. Na tattare babbar riga na faɗa tsakiya, wasu biyu suka biyo ni.

Maƙwabcina Babarbare, abokin wasana, ya ɗaga murya daga cikin manoma: "Kai bawana, wannan ƙwarangwal ɗin ce kiwo? Ai ko mahauci ya gan ta sai ya yi mata addu'a!"

"Rufe mana baki, mai tsage," na ce. "Yau a gabanka zan ci da hannu biyu."

Malamin ya zagayo yana murna. "Alhamdu lillahi! Kun ga amfanin zane? Baba da waɗannan su suka san zafin kowane ɓangare. Su ne kwamiti, Baba ne shugaba. Su za su bi burtali da igiya, su mayar da shi yadda yake a da."

Aka yi tafi, dagaci ya sa albarka. Ina neman hanyar zamewa sai Babarbaren nan ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara da gonar shugaban kwamiti mana, ai ita ce a bakin hanya."

Taki bai zo ba, dusa ba ta zo ba. Lemon kwalba aka raba mana, shi ma da ɗumi. Washegari da hannuna na kafa turaku a cikin gyaɗata tana tsakiyar fure, Babarbaren na riƙe da bakin igiya yana jan ta sosai, wai kada a cuci shanu. Kafin mako ya zagayo garke ya bi ta kai, har da tawa saniyar a baya tana kalato.

An ce malamin yana yawo gari-gari da hoton da'irar nan, yana nuna wa mutane yadda zane ya kawo zaman lafiya a ƙasar Ajingi. Ni ne a tsakiya, na washe baki ina jiran dusa.