'Yar Ƙofar Inna Hajo

A katangar da ta raba gidanmu da na Inna Hajo, a Ƙofar Jatau, akwai wata 'yar ƙofa da sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Ba ta da ƙyaure, tsohon buhu ne labulenta.

Inna Hajo 'yar Kwarbai ce, aure ya kawo ta unguwarmu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Kaduna, ita kuma tana sana'ar daddawa. Ita ta sa aka fasa ƙofar a shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyata, Larai. Ta nan take shigowa da kunu kullum safe, ta gyara wa Umma kwanciya, ta koma kan tukunyarta.

Bara, ina zaman gida bayan na gama jami'a, aka saci babur a layinmu. 'Yan sintiri suka ce a toshe duk ƙofofin da ke tsakanin gidaje, wai ta nan ɓarayi ke sulalewa. Shugabansu, Sabo, ya turo bulo a baro, Inna Hajo ta tare shi a bakin 'yar ƙofar.

"Inna, don tsaronku muke yi."

"Tsaron wa? Babur ko Larai? In ta faɗo daga gado, kai za ka jiyo ta daga bencinku?"

"To ki riƙa zagayawa ta zaure mana."

"Da wannan gwiwar? Sabo, ni na goya ka, har yau ina jiran ka yi hankali. Kwashe bulonka."

Ya kwashe yana ƙunƙuni.

Cikin watan Agusta, bayan la'asar, ruwan sama ya rushe zaurenmu. Ƙasa ta toshe hanyar fita, ruwa ya fara shiga ɗaki. Daga ni sai Umma a gidan. Na ɗauko ta na tsaya a tsakar gida, na rasa inda zan nufa. Sai na ji Inna Hajo tana kira: "Rilwanu, ta nan! Miƙo min kafaɗunta." Tana ja, ina turawa. Muna cikin gidanta ɗakin Umma ya rufta.

Har yanzu in hadari ya haɗo ba na iya zama a ɗaki.

Da aka zo gyara, Sabo ne ya kawo bulon. Inna Hajo ta tsaya a kansa sai da aka ƙara wa ƙofar faɗi, yadda mutum biyu za su wuce ɗauke da na uku. Ƙyaure kuwa ta ce ba ta so. Ta mayar da buhunta.