Ranar Da Motar Musabaƙa Ta Wuce Mu A Kwangila

Akwai abin da mutum zai yi ta cewa ya wuce, ya yafe, amma da zarar an taɓo zancen sai ya ji ransa ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Nawa ke nan. Shekaru sun ja, yarinyar da abin ya shafa yanzu har ta kere ni tsawo, amma safiyar Asabar ɗin da na tsaya a ƙofar gidanmu a Tudun Wada ina jiran motar gidan surukaina, ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin maigidana yana aiki a Jalingo, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ni ce uwa, ni ce direba. Kullum da safe in loda yara uku in kai su makarantarsu can hanyar Samaru, in juyo in wuce wurin aikina a unguwar Kongo. Motar tamu tsohuwa ce mai haƙuri, har ranar da haƙurin ya ƙare, giya ta ƙi shiga a tsakiyar titi. Aka turo ta wurin wani bakanike a Kwangila, mutumin da ban taɓa jin ya ce a'a ba, ban kuma taɓa ganin gobensa ta zo ba. Duk sanda na kira sai ya ce, "Hajiya, kayan suna hanya daga Kaduna." Kadunar nan dai da muka sani, ba wata ƙasar waje ba.

Dole na yi shiri da wani mai keke napep yana ɗaukar mu. Mutumin kirki ne, sai dai damina ce, kuma napep ba ta san ruwa ba. Yara su isa makaranta rabin jikinsu a jiƙe, ni in isa ofis a makare ina ba da haƙuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan surukaina yana nan Tudun Jukun, tafiyar ƙafa ce. Baba, mahaifin maigidana, ya yi ritaya, lafiyarsa ƙalau, yana tuƙi da kansa, kuma yana da mota lafiyayya a rumfa wadda ba ta fita sai Juma'a ko ta'aziyya. Ni a lissafina ba sai na buɗe baki ba. Jikokinsa ne. Da zarar labari ya kai gidan, washegari zan ji hon a ƙofa.

Na kai labarin da kaina. Na durƙusa a ɗakin Hajiya, surukata, bayan gaisuwa na ce, "Wallahi Hajiya motar nan ta sa mu a gaba. Yaran nan kullum a jiƙe suke isa."

Ta girgiza kai cike da tausayi. "Ayya, sannu. Abin ƙarfe ke nan, ba shi da tabbas. Allah ya kawo sauƙi."

Na ce amin. Washegari aka aiko mana da dambu. Bayan kwana biyu aka aiko da kunun gyaɗa. Na sake komawa, na sake bi ta bayan gida da zancen, aka aiko wa yara da lema guda ɗaya. Ban raina ba, Allah ya saka da alheri, amma dambu ba ya kai yaro makaranta.

Na san wani zai ce, to ke me ya hana ki tambaya kai tsaye? Wanda ya faɗi haka bai yi aure a gidan malamai ba. Fiye da shekara goma ina gidan ɗansa ban taɓa haɗa ido da Baba ba. In na ji takunsa durƙusawa nake yi, in ya yi tambaya in amsa wa tabarma. Ta ina zan fara ce masa ya tashi da asuba ya zama direban 'ya'yana? Ga kuma ƙari: wadda abin ya fi shafa 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya aka sa mata. Ko sunanta ba na kamawa a gidan, balle in zauna ina nuna damuwa a kanta a ce ba ni da kunya.

Ita kuwa yarinyar nan tana da abin da ke gabanta. Makarantarsu ta zaɓe ta ta wakilce su a musabaƙar Alƙur'ani a Kaduna, ɓangaren izu goma. Shekara guda tana wannan hadda. Kafin in tashi sallar asuba ta riga ni, ina ɗora ruwan shayi ina jin muryarta a falo tana maimaita aya ɗaya har sai ta zauna. Malaminsu ya ja mana kunne sosai: motar makaranta za ta tashi da sassafe ranar Asabar, ɗaliba ɗaya ake karɓa a kowane ɓangare, wadda ba ta zo ba za a tafi da mai bi mata.

Ranar Alhamis na je gaisuwa na yi kiciɓis da Baba a zaure. Na zube. Ya ce, "Ya yaran? Ya makaranta? Ba dai wata matsala ko?"

Na ce, "Babu, Baba. Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in mari kaina. Amma kuma a yi adalci, me ake cewa? Wace suruka ce aka taɓa tambaya a zaure ta ce akwai matsala? Kuma ai yana da ido. A ƙafa na zo, bakin zanina duk taɓo.

Da na koma gida na kira maigidana na sauke masa. Na ce ranar Asabar dai ba ranar napep ba ce, ya kira mahaifinsa ya gaya masa. Sai ya hau inda-inda. "Ni in ce wa Baba ya fito da asuba? Haba, ki duba mana. Bari dai in yi wa Hajiya magana, ita ta san yadda za ta shigar da shi." Ranar Juma'a da yamma ya kira ni da fara'arsa. "An gama. Hajiya ta ce in sha Allahu za a duba."

"An gama" na ji, ban tsaya a kan "za a duba" ba. Na kira mai napep na ce ya huta gobe, mun samu mota.

Asabar ta waye da ruwa, irin mai saukowa a hankali wanda ba shi da niyyar ɗaukewa. Yarinya ta shirya tun kafin gari ya yi haske, farin hijabi a goge, Alƙur'aninta a jaka. Na bar ƙannenta wurin maƙwabciya, muka tsaya a ƙofa. Duk fitilar motar da ta karyo kwana sai yarinyar ta ce, "Umma, ga shi nan." Sai motar ta wuce. Na kira maigidana, waya a kashe. Na daure na kira Hajiya.

Kun san ba a kiran suruka a faɗa kan magana. Ina kwana, an tashi lafiya, ya ruwa, ya ƙafar, ya Baba. Ina gaisuwa ina kallon gari yana ƙara haske. Da ƙyar na samu kafa na ce, "Dama Hajiya, maganar motar ce."

Ta ce, "Af! Bai zo ba? Ai Auta na gaya wa. Alhaji kam ban gaya masa ba, ya za a yi a tayar da dattijo a ruwan nan?"

Na ce, "Baba yana kusa?"

"Ya dawo masallaci ya ɗan kishingiɗa."

Sai na ji bakina ya ce, "To, a bar shi ya huta." Wallahi ni na faɗa, da bakina.

Auta shi ne ƙanin maigidana. Shi kam ba kunya tsakaninmu, na kira shi a fusace. Ya ɗauka da muryar barci, yana Kano wurin bikin abokinsa. "Anti, wace mota? Hajiya cewa ta yi in na samu sarari in riƙa leƙa yaran." Kun ji inda saƙona ya ƙare. Ya fita daga bakina yana "a kai yarinya makaranta da asubar Asabar," ya bi ta hannun mutum biyu, kowa ya rage masa nauyi don kada ya takura wa na gaba, ya isa yana "a riƙa leƙa yara."

Na kira mai napep ɗinmu, ya ɗauki wasu zuwa cikin birni. Na ja hannun yarinya muka fita titi a guje. Duk mai napep ɗin da muka tsayar a cike yake. Da muka samu wani, farin hijabin nan ya riga ya koma ruwan ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Malaminsu ya kira, na ce muna hanya, ya ce za su ɗan jira. Muka zo Kwangila muka tarar da tirela ta gitta a ƙarƙashin gada, ba gaba ba baya, kowa yana danna hon kamar shi zai ɗaga ta. Garejin bakanikena yana nan gefe, ina hango motata a kan duwatsu ruwa yana wanke ta.

A nan muke yarinyar ta taɓa ni. Ba ta ɗaga murya ba. "Umma, ga motar makarantarmu can."

Na gan ta a ɗaya hannun tana hawa titin Kaduna. Na kira malamin, na ce ga mu nan a Kwangila, su tsaya minti ɗaya mu tsallako. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mun jira har mun makara. Mun riga mun ɗauki mai bi mata, iyayenta sun kawo ta. Ba zan sauke 'yar mutane a titi ba." Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar ta fi komai ciwo.

Yarinya ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta rungume jakarta kawai. Na ce wa mai napep ya juya da mu Tudun Jukun. A hanya na shirya maganganu a raina iri-iri, yau kam sai na faɗa. Muna shiga na ga Baba zaune a baranda da kofin shayi, sai gwiwoyina suka yi abin da suka saba, na zube ina cewa ina kwana.

Ita ce ba ta durƙusa ba. Baba ya gan ta ya washe baki, ya fara wasan da suka saba na kaka da jika. "A'a, amaryata! Ina aka je da sassafe ba a nemi izinin miji ba?"

Ta tsaya a gabansa ruwa yana ɗiga daga hijabinta. "Ni ka sake ni kawai, Alhaji. Wane irin miji ne kai? Motarka tana rumfa, ni ina bin titi a ruwa har motar musabaƙa ta tafi ta bar ni." Sai a sannan kukan ya zo.

Baba ya ajiye kofin. Ya dubi Hajiya da ta fito daga ɗaki. "Wace musabaƙa? Yau ce? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Hajiya ta fara bayanin ruwa da hutawa, ya ɗaga mata hannu. Ya ce tun ranar da ya ji motar ta lalace yake son ya ce a kawo yaran ya riƙa kai su, amma ya ga in ya fara, kamar yana cewa ɗansa ya gaza riƙe gidansa ne. Shi ya sa ya tambaya a zaure. "Ki tambaye ta," ya ce wa Hajiya, ni kuwa ga ni durƙushe a gabansa. "Ba ta ce mini babu matsala ba?"

Kun ji fa. Yana jira in roƙa, ina jira ya yi tayi, ɗansa yana tsoron nauyinsa, matarsa tana tattalin barcinsa. Manya huɗu, kowa yana ta ladabi, muka haɗu muka zubar wa yarinya da wahalar shekara guda.

Ya miƙe yana laluben makulli a aljihu. "Tashi, amarya. Yanzu zan kai ki Kaduna da kaina."

Ta share ido da bayan hannu. "An riga an ba wata wurina, Alhaji."

Ya daɗe a tsaye da makullin a hannu. 

Daga Litinin shi ya riƙa kai su yana ɗauko su har motata ta fito. Na gode, amma ban ɓoye wa maigidana ba da ya dawo, sai da ya ji a jikinsa. Ita kuwa da shekara ta zagayo malaminsu ya sake sa sunanta, ta ce ba ta yi. Ta ci gaba da haddarta har ta sauke, amma ba ta sake tsayawa a gaban alƙalan musabaƙa ba. Na lallashe ta, kakanta ya lallashe ta, ta ce a bar maganar.

Har gobe ina durƙusa wa surukaina, kuma ba na shirin dainawa. Amma na koyi cewa kunya adon gaisuwa ce, ba a aikenta da saƙo. In buƙata ta taso, musamman ta yaro, mai abin nake samu in faɗa masa da bakina, in faɗi rana, in faɗi lokaci, in tsaya sai na ji e ko a'a. In an ce ba ni da kunya, na ji, na ɗauka. Wannan maganar kwana biyu za a yi a manta, amma abin da yaro ya rasa saboda shirun manya, da shi yake girma.