Farin Layin Bayan Gonakin Riɗi

Da safiyar ranar ina tankaɗen garin dawa ƙanena Sale ya kira daga Jidda. Walda yake yi a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garin. In ya tashi aiki sai ya zauna gaban kwamfuta yana zana ƙauyenmu na Sudan a wata taswirar intanet. Wai taswirar ba ta da mai ita. Manhajarta kyauta ce, kowa na iya shiga ya ƙara hanya ko ya gyara suna. Yakan kalli hoton da aka ɗauko daga sama, ya tambaye ni, in faɗa masa.

Ya ce, "Yaya, rijiyar bayan gidanmu tana nan?"

Na ce tana nan, ba ta yi ƙafa ba tukuna. Na ce ya nemi matar aure ya bar wasan yara. Inna, mahaifiyarmu, tana kan tabarma tana dariya. Ƙafafunta sun daɗe da shanyewa, amma bakinta lafiya lau. Damina ce, an kwana ana ruwa.

Da hantsi muka ji jirgi. Ƙararsa ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa daga nesa. Sai bom na farko ya faɗa wajen kasuwa. Rariya ta suɓuce daga hannuna. Na biyu ya faɗa kusa da masallaci. Daga nan bindiga ta fara daga arewa, ba tsayawa.

Wani ya ƙwala ihu a waje, "Ku fita! Ku shiga dawa!"

Masu ƙafa suka shiga gonakin dawa, suka nufi iyaka. Ni ina zan kai Inna cikin taɓo da karan dawa? Na ɗaura wa jaki karo, wato amalankenmu. Na cicciɓe ta na ɗora. Na ɗauki jarkar ruwa da waya. Ko ƙofa ban rufe ba.

Babbar hanya ta cika da motocin masu bindiga. Ni kuma ban taɓa wuce gonakin riɗi ta kudu ba. Na kira Sale ina ihu. Na ji ƙarar injinan masana'anta, na ji shi yana gudu, wani yana kwaɗa masa kira da Larabci. Can ya duba taswirar ya ce, "Akwai hanya, Yaya! Bayan gonakin riɗi, farin layi, har iyaka. Karo zai bi. Yalla, kada ki tsaya!"

Ban tambayi wanda ya zana ta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Azahar ta same mu cikin riɗi. Taya ta kafe, na sauka na tura. Ta sake kafewa. Jakin yana haki, ina dukansa ina ba shi haƙuri. Hayaƙi ya tashi a bayanmu, baƙi ƙirin. Inna ba ta waiwaya ba. Carbi kawai take ja.

Gab da la'asar na ji wata ƙara a gabanmu. Na ɗauka mota ce. Da muka fito daga gona, sai ga ƙorama ta cika ta batse, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Na duba dama, na duba hagu. Babu hanya. Ita ce farin layin. Da rani yashi ne fari fat, daga sama sai ka rantse hanya ce.

Wayar ta mutu. Jakin ya kafe ƙafafu, ya ƙi ruwa. A bayanmu injin mota na matsowa, ana harbi ɗaiɗai.

Inna ta ce, "Bar ni nan. Tafi!"

Na ce wallahi ba zan bar ta ba. Na goya ta da zanena, na ɗaure tamau a ƙirji. Ba ta da nauyi. Ruwa ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ya kai ƙirji. Hannayenta suna wuyana, ina jin salatinta a kunnena. Wani kututture ya buge ni a haƙarƙari. Na nutse. Da na ɗago, bayana ba nauyi.

Na fito a ɗaya gaɓar da zane a hannu. Na bi bakin ruwan ina kiranta har magariba.

Daga sansanin gudun hijira na aro waya. Na ce wa Sale Inna ta rasu a hanya. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Me zan ƙara masa? Bayan watanni ya roƙi kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, aka samo mini bizar umra. Na zauna a ɗakinsa a unguwar Ammariyya a Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba fita.

Wata Juma'a bayan masallaci ya buɗe kwamfutar don in ga gida. Ga kasuwa, ga masallaci, ga gidanmu. Ya sa wa rijiyar suna Rijiyar Inna. Sai idona ya sauka ƙasa. Farin layin yana nan. Taswirar ta nuna wani bawan Allah ne a wata ƙasa mai nisa ya zana shi daga hoton rani, da kyakkyawar niyya. Har yanzu akwai mutane a ƙauyenmu. Wata daminar na zuwa.

Na ɗora yatsa a kai. Na ce, "Wannan ba hanya ba ce, Sale. Ruwa ne."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Na san ya gane yadda Inna ta rasu. Ya danna, ya sake dannawa, layin ya koma shuɗi, launin ruwa a taswira. Ya ce, "Halas," wato shi ke nan.

Taswirar ta nemi sunan ƙoramar. Ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. Muka bar wurin babu komai. Jakin da karon suna gaɓar arewa inda na bar su. Zanen yana cikin akwatina. Inna tana wani wuri a kan shuɗin layin.