Tsage Uku da Bille a Bayan Jakar Harsasai

Wata rana na shiga layin dukawa a kasuwar Gusau, hannun jakata ya tsinke. Da niyyar minti goma na je. Na kwana biyu ban dawo daidai ba.

Ina zaune a bencin Malam Tanimu baduku, ina ta mitar ya cika nawa, sai ga wani dattijo ya yi sallama.

Dogo ne, tsaye cak kamar ana kiran fareti. Tsage uku a kowane kunci, da bille ɗaya a hagu.

Ya kwance wani ƙyalle a hankali, ya fito da wata 'yar jakar fata zagayayyiya, ba ta wuce tafin hannu ba. Ta yi baƙi don tsufa.

Ni da ba na iya kame bakina, na ce jakar goro ce?

Ya yi dariya. Ya ce a'a, ta harsasan ƙaramar bindiga libarba ce. A ciki ake ajiye ƙarfen da ke zuba harsashi shida lokaci guda, a rataya ta a ɗamara.

Ta amininsa ce, Haladu, wanda ya rasu makon jiya. Da ya zo raba kayansa ya tsince ta a ƙasan akwatin ƙarfe, iyalan suka bar masa. So yake a ɗinke madaurin, ya ajiye ta don tunawa.

Kun san tsofaffi da labari. Kafin Malam Tanimu ya zura zare, mun ji komai.

Tare da Haladu suka shiga aikin ɗamara, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Aka zo zaɓen mutum ɗaya da za a tura kwas ɗin ƙarin girma, aka zaɓi dattijon.

Ana gobe tafiya, jakar harsasansa ta ɓace.

Aka ce ya sayar wa 'yan fashi. Aka tuɓe masa kaki a gaban kowa. Mahaifinsa bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba har ya koma ga Allah.

Shekara talatin da takwas ke nan.

Haladu aka tura kwas ɗin a madadinsa. Amma bai guje shi ba. Shi ya nemo masa gadi a wani kamfani, shi ke zuwa kowace sallah da buhun shinkafa.

Dattijon yana faɗa yana share ido. Ni kaina na ce a raina, Allah ka ba mu irin wannan aboki.

Malam Tanimu dai hankalinsa na kan aikinsa. Ya juya jakar. Inda ake buga lambar mai ita an kankare, fatar ta yi sumul.

Ya sa basilla ya warware tsohon ɗinkin madaurin, ya ɗaga.

Sai hannunsa ya tsaya.

Ya dubi fatar. Ya dubi fuskar dattijon. Ya sake duban fatar.

Ashe aikin mahaifin Malam Tanimu ne. Shi ke yi wa 'yan bariki waɗannan jakunkuna a wancan zamani. Tsohon bai san lambar boko ba, don haka idan mutum ya ba shi aiki, sai ya kalli fuskarsa, ya zana tsagensa da bakin wuƙa a ƙarƙashin madauri kafin ya ɗinke. Wanda ba shi da tsage, ɗigo ɗaya yake masa. Babu mai gani sai wanda ya warware ɗinkin.

Malam Tanimu ya ce, "Baba, marigayin yana da tsage?"

"Haladu? Ko ɗaya. Fuskarsa wasai take."

"To, Baba, ka yi haƙuri. Wannan jakar ba tasa ba ce. Taka ce."

Ya miƙa masa.

Na leƙa da idona. Layi uku nan, layi uku can, da ɗaya a karkace ta hagu. Fuskar mutumin da ke tsaye gabanmu ce.



Dattijon bai yi ihu ba. Bai zagi kowa ba. Ya zauna a bencin, ya riƙa shafa fatar da babban yatsa, sannan ya shafa kuncinsa.

Can ya ce, shi ya yi wa Haladu wanka. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ni dai raina ya gama ɓaci. Mutum ya ɗauke maka aiki da mutunci, ya kulle a akwati, sannan ya dawo da buhun shinkafa kana yi masa godiya? Shekara talatin da takwas, bakinsa bai taɓa buɗewa ya faɗa ba?

Na ce, Baba, ai sai ka kai ta a wanke sunanka.

Ya dube ni, ya ce wa zai kai wa? Wanda ya kore shi ya rasu. Matarsa da ta sha gorin maƙwabta ta rasu. Mahaifinsa kuwa da wannan zargin aka binne shi.



Muna nan sai wayar dattijon ta yi ƙara. Ya ciro, ya daɗe yana kallon sunan, har ta katse.

Babban ɗansa ne ke kira.

Sunansa Haladu.

Darasi: Ba duk wanda ya tsaya maka ranar da ka faɗi ne mai ƙaunarka ba, wani ya tsaya ne don kada ka waiga ka ga wanda ya tura ka. Kai kuma da ka san ka ɓoye gaskiyar wani a akwatinka, buɗe ka mayar masa tun waɗanda ya kamata su ji suna raye.

Ku tura wannan gaba. Wataƙila ya isa ga mai irin wannan akwatin kafin a zo raba kayansa.